Gwanin da ke tada kwamfuta da filash

Ɗalibi a Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, malamin makaranta a Ikara, mai shagon buga takardu a Hunkuyi, kowannensu na iya wayar gari kwamfutar cinyarsa ta ƙi tashi. Allo ya yi shuɗi, ko ya kafe a kan tambarin kamfani. Sai a nemi mai gyara a cikin gari, in ba a dace ba a hau mota zuwa Zariya. Abin da mai gyaran zai zaro daga aljihu bai kai tsawon yatsa ba: filash. Na daɗe ina jinjina wa masu wannan aiki, domin ilimin da ke cikinsa ya fi yadda ido ke gani.

Idan aka kunna kwamfuta, kai-tsaye take zarcewa ma'ajiyarta ta ciki ta nemo Windows. Aikin gwani shi ne ya tare ta kafin ta isa can, ya juya ta ga filash, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu kawai gare shi. Kowane kamfani da maɓallinsa. A HP ana danna Esc sannan F9, a Dell F12, a Asus Esc. Acer ma F12 ce, amma sau da yawa sai an shiga saiti ta F2 an buɗe ta tukuna. Wasu Lenovo kuwa ɗan rami gare su a gefe, da tsinke ake latsa shi. Daga kallon murfi gwani ya san inda zai sa yatsa, kuma tun kafin allo ya kawo haske ya fara danne-danne a jere.

Kwamfutocin zamani sun ƙara wa aikin wuya. Tun fitowar Windows 8 a 2012, tsarin UEFI ya maye gurbin tsohon BIOS a sababbin na'urori, tare da kariyar Secure Boot, wadda ke tsayawa kamar mai gadin ƙofa, ba ta barin manhajar da ba ta da sa-hannun da ta sani. Sannan Windows kan yi rabin barci idan an kashe ta, har ta tashi da saurin da maɓalli ba ya kamawa. Gwani ya san maganin: in tana buɗewa, sai ya danne Shift ya latsa Restart, ya zaɓi filash daga can.

Rabin nasarar ma tun wajen haɗa filash ɗin take. Da yawa suna amfani da Rufus, manhajar kyauta da Pete Batard ya fitar a 2011. A ciki akwai zaɓi biyu, GPT don sababbin kwamfutoci, MBR don tsofaffi. Aka kuskure, ko a kwana ana danna F12 filash ba zai bayyana ba. Wasu sun koma Ventoy, wadda ta fito a 2020, domin tana ba su damar tara Windows da Ubuntu a filash guda. Shi kansa filash ɗin sai ya kai giga 8, kuma sai an gwada shi, don kasuwa ba ta rasa jabun da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa bai kai ko kusa ba.

Akwai inda ake bambance gwani da ɗan koyo. A wasu na'urori masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, filash zai tashi lafiya, amma a zo wurin zaɓar ma'ajiya a tarar da fili fayau. Wanda bai sani ba sai ya ce ma'ajiyar ta mutu, a sayo sabuwa. Gwani kuwa zai shiga saiti ya kashe VMD, ko ya ɗora direban Intel, ma'ajiyar ta fito lafiyarta ƙalau. Ya tsare wa mai kaya dubban nairori, ko da mai kayan bai san an yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da yake yi kafin ya taɓa komai: "Malam, akwai abin da ba ka so ya ɓata a ciki?" Yana da dalili. Kwamfutoci da yawa suna zuwa a kulle da BitLocker, kuma taɓa Secure Boot kaɗai na iya sa ta nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita. Don haka sai ya tabbatar mabuɗin na hannu. Idan Windows ta lalace sarai, sai ya tada Ubuntu daga filash ba tare da ya ɗora ta ba, ya kwashe kundin binciken ɗalibi, sakamakon jarrabawar yara da hotunan biki, sannan ya share. Ba kuma zai fara ba sai batir ya cika, don kada a ɗauke wuta aiki na tsaka.

Buƙatar irin waɗannan mutane ƙaruwa take yi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, abin da tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su da shi. Mai gyara na ƙwarai zai faɗa maka gaskiya: wannan za ta ɗauka, waccan a sa mata Linux ta ci gaba da aiki.

Matashin Ikara, Makarfi ko Kudan da ke neman sana'a zai iya fara wannan da filash ɗaya da tsohuwar kwamfutar gwaji, a gaban wanda ya iya. Maɓallan ba sa daɗewa ake haddace su. Riƙon amanar abin da ke cikin na'urar mutane shi ke sa a dawo wurinsa, har a turo masa wasu.