Shahidan Rubens a kan dutse: a bar su inda aka yi su

A 'yan shekarun nan gidajen adana zane-zane sun waiwayi wata fasaha da aka daɗe da yin watsi da ita, wato yin zane da fentin mai a kan dutse. A 2022 gidan zane na Saint Louis a Amurka ya shirya babban baje koli a kai, Galleria Borghese da ke Roma ita ma ta buɗe nata a shekarar. Na yi murna da hakan, amma ina da ƙorafi: ana yawan tallata waɗannan ayyuka a matsayin kayan ban mamaki, alhali da yawansu don ibada aka yi su, kuma wurin ibadar ne ya sa aka zaɓi dutsen.

Babbar hujjata tana cocin Santa Maria in Vallicella a Roma. Peter Paul Rubens ya fara zana hoton bagaden cocin a kan ƙyalle. Da aka gwada shi a wurin, hasken tagogi ya riƙa ƙyalli a kan fentin har ba a iya ganin fuskoki sosai. Sai ya sake aikin gaba ɗaya a 1608, a kan fallaye uku na baƙin dutse, irin wanda ake yin allon makaranta da shi, saboda ya fi shanye haske. A ɗaya daga cikin fallayen gefe akwai shahidai uku, Domitilla tsaye tsakanin Nereus da Achilleus. A ɗayan kuma Fafaroma Gregory ne da shahidai Maurus da Papianus, waɗanda cocin ke adana ragowar ƙasusuwansu. Zanen farko na kan ƙyalle yana Grenoble a Faransa yanzu.

Wani zai ce ai wannan dabara ce kawai ta magance ƙyalli, babu wata ma'anar addini a ciki. Na yarda dalilin farko ke nan, kuma shi ne ma ƙarfin maganata. Idon mai addu'a da ke tsaye a gaban bagade shi ne ma'aunin Rubens. Duk wanda ya raba irin wannan zane da tagarsa, ya sa shi ƙarƙashin fitilar gidan kallo, ya kawar da matsalar da dutsen ya zo ya warware, sai dutsen ya koma ado.

Akwai kuma masu cewa gidan adanawa ya fi coci tsaro. Wannan suka tana da nauyi. Sebastiano del Piombo, wanda ya yaɗa fasahar a Roma wajen 1530, jim kaɗan bayan wawashe birnin a 1527, an yaba masa ne da samo zanen da zai dawwama. Alkawarin bai cika duka ba: dutse na tsagewa, ga nauyi. To amma wannan raunin hujja ce ta rage ɗaukarsu ana yawo da su daga ƙasa zuwa ƙasa. Ƙananan zane-zanen da aka yi tun asali don ɗakunan attajirai, a kan marmara ko shuɗin dutse mai daraja, su ba laifi su yi tafiya. Na bagade kuwa, kuɗin da za a kashe wajen jigila gara a kashe shi wajen gyara rufi da hana danshi a cocin da suke ciki.