Jinjina ga Masu Daidaita Sama da Ƙasa

Da tsakar rana a Ƙauran Namoda, kyamara ba ta iya riƙe hasken sama da na ƙasa lokaci guda. In sama ta fito shuɗiya, gonaki su dushe. In gonaki suka fito, sama ta koma fari fat, balle lokacin hazo.

A nan matasanmu masu gyaran hoto suka cancanci yabo. Da wata dabara da manhajar Lightroom ta zo da ita tun 2008, sukan saukar da inuwa daga saman hoto, tana raguwa sannu a hankali har ta ɓace inda sama ta haɗu da ƙasa. Gwanintar tana wurin iyakar. A ɗan zarce, sai kan giginya ya yi baƙi, ruwan kogin Gagare ya rasa sheƙinsa. Mai haƙuri kan bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana tsame su daga inuwar, aikin da mai kallo ba zai taɓa lura da shi ba.

Yau an fi jin sunan garuruwan yankinmu irin su Zurmi da Shinkafi a labaran 'yan bindiga, abin yana min ciwo. Su kuwa waɗannan matasa fadamun kogin Bunsuru da damina suke nuna wa duniya, da tashar jirgin ƙasan Ƙaura da dogo ya iso a 1929. Allah Ya ƙara basira.