Masu Saƙa Ragar Lissafi

Duk tela ya san inda riga ke fara yagewa: hammata, bakin aljihu, da wuya. A can yake matse ɗinki har ya maimaita, sauran jikin rigar kuwa sai ya saki keke ya yi ta gudu. Akwai injiniyoyin da irin wannan idon ne jarinsu, sai dai nasu ɗinkin a kwamfuta suke yin sa, kuma abin da ke hannunsu gada ce, ko fiffiken jirgin sama, ko madatsar ruwa.

Kwamfuta ba ta iya lissafa ƙarfin gini a dunƙule. Sai an yanyanka siffarsa gida-gida: ƙananan alwatika in shimfiɗaɗɗen abu ne, ƙananan dala masu fuska huɗu ko tubala in mai kauri ne. Waɗannan gidajen a haɗe su ne raga. Dabarar ta bunƙasa wajen ƙera jiragen sama a kamfanin Boeing a shekarun 1950, kuma Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne ya raɗa mata suna a 1960. Yau manhajoji irin su Ansys, Abaqus da Gmsh, wadda Christophe Geuzaine da Jean-François Remacle suka rubuta a Beljiyam suke kuma raba ta kyauta, suna saƙa raga da dannawa ɗaya.

To ina gwanintar take? Tana cikin zaɓuɓɓukan da manhajar ba ta tilasta wa kowa ya taɓa. Ɗan koyo yakan bar su yadda ya same su. Gwani kuwa nan yake zama ya naɗe hannun riga.

Na farko shi ne girman idon raga, wato girman kowane gida. Mai tunanin a matse ko'ina a huta bai yi lissafi ba: in aka rage girman gida zuwa rabi a abu mai kauri, yawan gidajen ninki takwas yake yi. A sake ragewa, ya zama ninki 64. Aikin awa ɗaya sai ya koma na kwanaki. Don haka gwani yakan tambayi kansa: ina nauyi zai taru? Tun 1898 Bajamushe Ernst Kirsch ya nuna cewa in aka ja faffaɗan farantin ƙarfe mai ƙaramin rami zagayayye, matsin da ke bakin ramin ninki uku yake na sauran jikin. Nan ce hammatar. Sai ya umarci manhaja ta matse ido a bakin rami da lungu da duk inda layi ya lanƙwasa, har ya faɗa mata gida nawa yake so su zagaye da'ira ɗaya.

Na biyu shi ne yadda ido ke girma daga matsattsen wuri zuwa sakakke. Ba a ajiye ƙaton gida jikin ɗan mitsitsi. Sannu a hankali ake tafiya, galibi kowane gida ya ɗara maƙwabcinsa da kamar kashi 20 cikin 100. Masu lissafin iska da ruwa kuma sukan jera siraran gidaje hawa-hawa a jikin bango, domin a wannan ɗan taƙin ne gudun iska ke tashi daga sifiri.

Na uku shi ne kyawun gidan kansa. Alwatikar da ta miƙe kamar tsinke ƙarya take yi wa lissafi, kuma kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Za ta fito da hoto mai ja da shuɗi, gwanin sha'awa.

Ƙasar Norwe ta ɗanɗana wannan. Ranar 23 ga Agusta, 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar gas na Sleipner A ya tsage ya nutse kusa da Stavanger ana cikin gwajinsa. Ba a rasa rai ba, amma asarar ta kai kimanin dala miliyan 700. Bincike ya gano cewa ragar da aka saƙa a wata mahaɗar bango ba ta dace ba, har lissafin ya rage ƙarfin da ke neman tsaga bangon da kusan rabi. Kwamfutar ba ta yi kuskuren tarawa ba. Abin da aka ba ta shi ta lissafa.

Shi ya sa gwani ba ya amincewa da raga ɗaya. Yakan ƙara matse ta ya sake lissafi, ya kuma sakewa, har sai amsar ta daina motsi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In aikinsa ya yi kyau, babu mai jin sunansa. Motoci za su bi ta kan gada shekara da shekaru, kamar yadda mai riga ke ɗaga hannu bai taɓa tuna telansa ba.