Rumbun Da Ke Girma Tare Da Hatsi: Ƙaunata Ga mdadm Da LVM

Ranar da na ƙara wa ma'ajiyar shagonmu terabayit biyu, yara uku na zaune suna tace bidiyon biki, kuma babu wanda ya ɗago kai. Ban kashe uwar garke ba, ban ce wa kowa ya rufe aikinsa ba. Layi ɗaya na rubuta, na danna, cikin daƙiƙoƙi wurin da ke kukan cikewa ya buɗe. Na zauna ina kallon allon, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Tun daga ranar nake neman wanda zan tsare in ba shi labarin mdadm da LVM.

Duk wanda ya taɓa raba faifan ajiya a tsohon yayi ya san ciwon da nake nufi. Ranar farko ake tilasta maka ka yi duba: nawa za ka ba wa hotuna, nawa bidiyo, nawa takardun ofis? Ka yanka, ka rufe. Bayan wata shida ɓangaren bidiyo ya cika maƙil, na takardu kuma fayau, ga fili kana gani amma ba dama ka taɓa. Sai kwashe kaya, sake yanka, mayar da kaya, da kwana biyu na zullumi.

Maganin hawa-hawa ne, kuma a nan kyawunsa yake. A ƙasa akwai RAID. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ne suka fitar da sunan a wata maƙala ta 1988, inda suka nuna cewa a haɗa ƙananan fayafayai masu araha su yi aiki tare ya fi a dogara da ƙato ɗaya mai tsada. A Linux, manhajar da ke wannan ɗinki ita ce mdadm, wadda Neil Brown ya fara a 2001. Ni fayafayai uku na haɗa, kowanne terabayit 4, a tsarin RAID 5. Tsarin yana cinye girman faifai ɗaya wajen ajiye lissafin da za a sake gina abin da ya ɓace, saboda haka terabayit 8 suka rage mini. Idan faifai ɗaya ya mutu, aiki bai tsaya ba. Ka zare shi, ka sa sabo, mdadm ta zauna ta sake saƙa abin da ke cikinsa daga sauran biyun. Mai son ƙarin natsuwa sai ya je RAID 6, wanda ke jure mutuwar fayafayai biyu, amma aƙalla huɗu yake buƙata.

A kan wannan ne LVM ke hawa, kuma ita ce ta sace mini zuciya. Heinz Mauelshagen ya rubuta ta a 1998, ya ɗauko fasalin daga tsarin HP-UX. Allah Ya saka wa bawan nan da alheri gwargwadon wahalar da ya ɗauke mana! Dabararsa ita ce a daina kallon faifai a matsayin gida mai katangun siminti. Da umarnin pvcreate za ka miƙa wa LVM duk abin da RAID ta haɗa, da vgcreate ka mai da shi rumbu guda. LVM sai ta auna rumbun mudu-mudu, kowane mudu megabayit 4 idan ba ka canza ba. Daga nan kana ɗibar wa kowa da lvcreate gwargwadon buƙatarsa ta yau. Ta yau kawai. Sauran ka bar shi a rumbu, kada ka raba. Gobe duk wanda ya ji yunwa sai ka ƙara masa da lvextend, kuma idan ka haɗa da ɗan harafin nan -r, tsarin fayil ɗin da ke ciki ma zai miƙe tare a lokaci guda. Wannan shi ne layin da na rubuta a ranar da nake ba ku labari.

Da rumbun kansa ya fara ƙarewa, sai na sayo faifai na huɗu. A nan ne na ga yadda hawa ukun nan ke miƙa wa juna hannu kamar masu ɗora jinka. Na sa wa mdadm sabon faifan, na ce ta faɗaɗa zuwa huɗu da umarnin --grow. Ta shiga sake shimfiɗa bayanan a kan dukkansu, aikin da ya ɗauki kusan kwana guda, ni kuma ina ta leƙa /proc/mdstat ina kallon lambar tana hawa kamar mai jiran tukunya ta nuna. Duk tsawon lokacin ana aiki a shago, sai ɗan nauyi da aka ji. Da ta gama, pvresize ta shaida wa LVM cewa wuri ya ƙaru, terabayit 8 suka koma 12. Shi ke nan. Daga ƙasa ake hawa sama: RAID, sai LVM, sai tsarin fayil.

Zaɓin tsarin fayil yana son a ɗan tsaya. Ni ext4 nake so, wanda ya kammalu a Linux a ƙarshen 2008, domin yana girma ana cikin aiki, kuma yana raguwa idan ka sauke shi tukuna. XFS, wanda Silicon Graphics ta ƙirƙira, gwani ne a kan manyan fayiloli irin na bidiyo, yana girma da xfs_growfs, sai dai shi gaba kawai ya sani, kada ka sa ran rage shi. Wannan ma wani dalili ne na fara rabo da kaɗan.

Akwai kuma pvmove, wadda har yau nake mamakinta. Tana kwashe bayanai daga wata ma'ajiya zuwa wata alhali mutane na amfani da su, kamar a sauya wa mai barci tabarma bai farka ba. Ranar da za ka koma sababbin fayafayai manya, da ita za ka yi ƙaura.

Saboda ƙaunar da nake wa wannan tsari ne ba zan bari a ɗora masa abin da ba nasa ba. RAID tana kare ka daga mutuwar faifai, amma fayil ɗin da ka goge da hannunka ya gogu a dukkan fayafayan nan take, haka ma idan ɓarawo ko gobara suka shigo. Dole a ajiye kwafi a wani wuri daban. Mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, wajibi ne a jona uwar garke da batirin UPS, musamman a lokacin faɗaɗawa, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya ɓata lissafin RAID 5. Sannan a saita mdadm ta riƙa aiko da saƙon imel da zarar faifai ya faɗi, kada a yi wata guda ana tafiya a kan ƙafa ɗaya ba a sani ba.

Duk wannan kyauta ne, babu lasisi, babu katin RAID mai tsada da za ka nema a kasuwa idan ya ƙone. Fayafayan suna ɗauke da bayanin tsarinsu a jikinsu, ka ɗauke su ka jona a wata kwamfutar mai Linux, mdadm ta gane su ta haɗa. Yanzu haka akwai terabayit uku a rumbuna da ban ba kowa ba, kuma lokacin bukukuwan bayan Sallah na ƙaratowa.