Akawun da ke Gyaran Jiya: Nazari a kan Littafin 1984

A cikin ƙagaggun labarai da Turawa su ke rubutawa akwai wani iri na dabam, inda marubuci ya kan ƙaga wata ƙasa ta zamani mai zuwa, ya ɗora mata mugun mulki, sa'an nan ya nuna yadda mutum zai rayu a cikinta. Nufinsa gargaɗi ne. Ya kan ɗauki wani mugun hali da ya ga yana tsiro a zamaninsa, ya ja shi har iyakarsa, don jama'a su hangi inda hanya ta nufa tun ba su yi nisa ba. Wani mutumin Rasha, Zamiyatin, ya rubuta irin wannan wajen 1920, aka hana buga shi a ƙasarsu. Amma wanda ya fi shahara duka shi ne na Joj Orwel, Baturen Ingila, wanda aka buga a Landan cikin watan Yuni na 1949. Sunan littafin shekara ce kawai, watau 1984.

Orwel bai zauna a ɗaki ya ƙago abin da ya rubuta ba. Ya yi aikin ɗan sanda a ƙasar Bama a ƙarƙashin mulkin Ingilishi daga 1922 zuwa 1927. A ƙarshen 1936 ya tafi yaƙin basasar Sifen, har harsashi ya same shi a maƙogwaro. Can ne, in ji shi, ya fara ganin jaridu suna ba da labarin gwabzawar da ba a yi ba, suna kuma yin shiru a kan wadda aka kashe ɗaruruwa. Lokacin Yaƙin Hitila kuma, daga 1941 zuwa 1943, ya yi aiki a gidan rediyon BBC yana shirya abin da a ke watsa wa mutanen Indiya. Saboda haka farfaganda ya san ta ciki da bai, ya ji ta, ya kuma yi ta da hannunsa. Ya gama littafin yana fama da tarin fuka a wani tsibiri na Sikotilan mai suna Jura, ya rasu cikin Janairu 1950, yana da shekara 46.

Ga yadda labarin ya ke. Duniya ta kasu uku, Oshiyaniya da Yureshiya da Istashiya, kullum biyu na yaƙi da ɗaya. A Oshiyaniya jam'iyya guda ce, shugabanta kuwa ana ce masa Babban Wa, ba wanda ya taɓa ganinsa sai a hoto. Kowane ɗan jam'iyya yana da wani allo a bangon ɗakinsa, wanda ke zuba masa labarin nasara dare da rana, yana kuma ji yana ganin abin da ya ke yi. Masu karatu da yawa wannan allon su ka riƙe, da 'yan sandan ciki da ɗakin azaba. Waɗannan kuwa ba su ne zuciyar littafin ba. Zuciyarsa tana kan wani ɗan tebur a Ma'aikatar Gaskiya, inda Winston Simit, akawu mai shekara 39, ya ke zama kowace safiya.

Aikinsa shi ne gyaran tsofaffin jaridu. Takarda ta kan faɗo masa ta wani bututu, da 'yar gajeriyar umurni cewa jaridar rana kaza ta yi kuskure. Kuskuren kuwa shi ne ta faɗi abin da hukuma ta faɗa a ran nan, alhali yau hukuma ta sake magana. An yi alkawari ba za a rage rabon cakulan ba, ga shi za a rage daga giram 30 zuwa 20. To, sai Winston ya share alkawarin, ya sa gargaɗin cewa mai yiwuwa a rage. A sake buga jaridar da tsohon kwanan watanta, a ajiye ta a ma'aji, ta asali kuwa a jefa ta wani rami da ke jikin bango, iska ta kwashe ta zuwa tanderu. Ba a daɗe ba sai ga sanarwa cewa jama'a sun fito suna godiya ga Babban Wa domin ya ƙara rabon cakulan zuwa giram 20. Winston ya duba fuskokin abokan aikinsa, ya ga sun haɗiye.

Wurin da marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne zancen takalma. An yi kirdadon za a ɗinka miliyan 145, aka ce an ɗinka miliyan 62, sai Winston ya mai da kirdadon miliyan 57 don a ce an wuce abin da aka nufa. Yana cikin yi sai ya lura ko jabu ba za a kira wannan ba, domin lissafin farko ma ƙage ne, watakila ko ƙafa ɗaya ba a ɗinka ba, abin da kowa ya sani dai rabin mutane ba takalmi su ke yawo. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin lissafi a ofis zai ji wannan a jikinsa. Mai sauya gaskiya da ƙarya ya san inda gaskiyar ta ke, yana iya komawa gare ta. Wanda ke sauya ƙarya da ƙarya kuwa ba shi da wurin komawa.

Sa'an nan ga wani abu da ba kowane marubuci zai yi ƙarfin halin faɗa ba: Winston yana jin daɗin aikin nan. Ya ƙi jam'iyya a zuci, yana ɓoye littafin da ya ke rubuta sirrinsa a ciki, amma in aka kawo masa gyara mai wuya sai ya duƙufa kamar mai warware lissafi. Ran da aka ce ya shafe wani jawabi da Babban Wa ya yabi wani mutum wanda yanzu an ɓatar da shi, sai ya ƙago wani jarumi, Ogilbi, ya ba shi ƙuruciya da samartaka da mutuwar sadaukai, duk a cikin 'yan layuka, har yana fatan nasa gyaran za a zaɓa a bar na abokin aikinsa. Da Orwel ya sa azzalumi mai jan ido a kan teburin nan, da mai karatu ya kwana lafiya, ya ce wannan ba irinsa ba ne. Sai ya sa mutum mai hankali, mai tsabtar aiki, mai tsoron kora. A Makon Ƙiyayya, da aka sauya abokin gaba mai jawabi na tsakiyar magana, Istashiya ta koma makwafin Yureshiya, akawunan su ka yi aikin fiye da sa'a 90 cikin kwana 5 suna gyara jaridun shekaru, ba tare da an ba su wata umurni a rubuce ba. Kowa ya san abin da a ke so.

Kada a ɗauka wannan duk zuƙi ta malle ce. Orwel na da shekara 3 a kabari aka kama Beriya, shugaban 'yan sandan cikin Rasha, aka kashe shi a ƙarshen 1953. Sai maɗaba'ar gwamnati ta aika wa waɗanda su ka sayi babban kundin ilmi na ƙasar da sababbin shafuna, da roƙon su yanke na Beriya da almakashi ko reza, su manna waɗannan, masu bayani a kan Tekun Berin da wasu abubuwa. Nan ma abin ya ɗara na littafin, domin kowane mai karatu aka mai da shi akawu a cikin ɗakinsa.

Tun a littafinsa na 1945 Orwel ya fara taɓa wannan zance, wanda Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya juya da Hausa da sunan Gandun Dabbobi, aka buga a 1975. Dabbobi sun kori mai gandu, sun rubuta dokoki 7 a jikin bango. Aladu, da ya ke su ne su ka iya karatu sosai, sai su riƙa bin dare da fenti suna ƙara wa doka ɗan sharaɗi a wutsiya, har ta halatta abin da ta hana. Goɗiya ta kan ji a ranta ba haka dokar ta ke ba, amma ba ta iya haɗa baƙi, sai ta kira akuya ta karanta mata, in ta ji sai ta ce lalle ita ce ta manta. Ingarma mai ƙarfin aiki bai wuce baƙi 4 ba. Jaki ya iya karatu sarai, amma ya ɗauki shiru hikima, bai buɗe baki ba sai ran da mota ta zo ɗaukar ingarma, ya karanta a jikinta cewa ta mahauta ce, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe. Wanda ya koyi karatu da girmansa ba ya bukatar a fassara masa wannan wuri.

To, amma littafin 1984 yana da rauni, raunin kuwa a gindin hujjarsa ya ke. Orwel ya ɗauka jiya tana zaune a wuri biyu kaɗai, a takarda da cikin kan mutum guda, in an ƙone ta farko an firgita na biyu shi ke nan. Don ya tabbatar da haka sai ya kai Winston mashaya ya haɗa shi da wani tsoho talaka, ya tambaye shi ko zaman da ya fi na yanzu. Tsohon bai iya tuna kome ba sai tarkace, irin hular da masu kuɗi ke sawa, da wata hatsaniya da ya yi da wani mai maye, da ƙorafin an sauya mudun giya. Wurin yana da ban tausayi, an kuma rubuta shi da kyau, amma marubucin ya yi son kai. Tsoho ɗaya ya zaɓa, ya kuma zaɓi wanda zai ba shi amsar da ya ke so. Talakawa su ne 85 cikin 100 na mutanen ƙasar, hukuma ma ba ta damu da sa musu allo a ɗaka ba, amma a ce duk cikinsu ba uwar da ta gaya wa ɗanta yadda ubansa ya ɓace? Wannan da wuyar haɗiya.

Tarihi kuwa ya ba da nasa jawabi. A 1940 'yan sandan cikin Rasha su ka harbe mutanen Folan wajen 22,000, hafsoshin soja da masu ilmi, wasu a dajin Katin. Da Jamusawa su ka tono kaburburan a 1943 sai Rasha ta ce su ne su ka yi, aka rubuta haka a littattafai, aka hana faɗin wani abu dabam. Amma a gidajen Folan iyaye mata sun san watan da wasiƙun mazansu su ka daina zuwa, sun kuma gaya wa 'ya'yansu. Shekara 50 ana haka, sai a watan Afrilu na 1990 gwamnatin Rasha ta amsa laifin. Haka kuma mawaƙiyar nan Ana Ahmatoba, da aka ɗaure ɗanta a zamanin Sitalin, ta kan rubuta baiti a guntuwar takarda, aminiyarta ta haddace, sa'an nan a ƙone takardar. Waƙar ta zauna a kawunan mutane kaɗan har aka buga ta a Jamus a 1963, a ƙasarta kuma a 1987. Wanda ya tashi a inda a ke wanke allo bayan an haddace, ya kuma ji yadda malamai ke bin salsalar hadisi daga wane zuwa wane, ba zai yi mamakin wannan ba. Winston ya riƙe shaida sau ɗaya a hannunsa, hoton wasu mutum 3 wanda ya ƙaryata laifin da aka sa su amsa, ya jefa shi a rami, bai gaya wa kowa ba sai bayan shekara 11. Kaɗaicinsa ne ya kayar da shi tun kafin azaba, kuma marubucin ne ya ƙaga masa kaɗaicin.

Sauran laifi ɗaya na masu karatu ne, waɗanda su ka mai da littafin sandar dukan Rasha kaɗai. Orwel ya fi su sanin gida. Littafinsa na dabbobi ya sha ƙi a wurin masu ɗab'i na Landan a 1944, domin a lokacin Rasha abokiyar yaƙi ce, har wani ma'aikacin gwamnati ya shawarci ɗaya daga cikinsu kada ya buga. Bayan rasuwarsa kuma, da iska ta juya, hukumar leƙen asirin Amurka ta ba da kuɗi a ɓoye aka yi sinimar littafin a 1954, aka kuma sauya masa ƙarshe. Watau shi kansa mai gargaɗin an yi masa gyara.

Har ila yau, lokacin da Ingilishi ke shirin barin ƙasashen da su ka mallaka, tsakanin shekarun 1950 da 1970, an ba da umurni a tace fayiloli. Waɗanda za su kunyata gwamnati a ƙone su, ko a nutsar a teku, ko a kwashe zuwa Ingila. A Kenya an shar'anta cewa Bature kaɗai zai taɓa irin waɗannan, akawu baƙar fata ko sanin akwai su kada ya yi. Shekaru da yawa ana musun akwai sauran wani abu, sai da wasu tsofaffin Kenya su ka kai ƙara Landan a kan azabar da aka yi musu zamanin Mau Mau, sa'an nan a 2011 gwamnati ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli a wani gida da a ke kira Hanslop Fak. A 2013 ta yarda ta biya diyya ga mutum fiye da 5,000. Tsofaffin nan sun zo da tabo a jikinsu da labari a bakinsu tun kafin takarda ta fito ta gaskata su. Cikin abin da aka tarar kuwa har da takardun shaidar ƙonawa, domin dokar ofis ta ce duk wanda ya ƙone fayil sai ya rubuta ya sa hannu, ma'aikatan kuwa sun bi doka.