Abdulkarim Bature da Ƙauyukan Katsina

A watan Janairu na 1851, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya iso Katsina daga Tasawa ta Gazawa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, a ƙasashen nan kuwa Abdulkarim ake kiransa. Ya sake biyowa a 1853 za shi Sakkwato. Littafin tafiyarsa ya fito juzu'i 5, a 1857 da 1858.

Yabon gwani ya zama dole. Mutumin nan ya ji Hausa, ba ya kuwa gajiya da tambaya. Ya ce kewayen ganuwar birni ya kai mil 13 ko 14, amma mazauna ciki ba su wuce 8,000 ba, gama yaƙe-yaƙe da Maraɗi da Gobir sun kori fatake zuwa Kano. Ya jera sunayen unguwanni da garuruwa, ya yaba albarkar ƙasar da ya ratsa kan hanyarsa ta Kusada.

Amma fa baƙo raɓa ne. Daga bisa doki ya ga ƙauyukanmu. Ya ga rumbuna da gonaki, ya wuce. Da wuya ka ji wa ya sari garin, wa ke limanci, wa ya haƙa rijiya, yaya mai gari ke raba gardamar iyakar gona. Birni da fada sun cika littafin, talaka sai gilmawa.

Ba laifinsa ne shi kaɗai ba. A zamanin nan, wato mulkin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, ƙauyukan Ingila suna ƙarƙashin coci-coci, kowane limamin coci yana da kundi inda yake rubuta baftismar jarirai da aure da jana'iza. Saboda haka jikan manomi can yana iya gano kakansa da sunansa. Mu kuwa malamanmu sun rubuta fiƙihu da tarihin sarakuna, labarin ƙauye sai aka bar shi a bakin tsofaffi.

To, jama'a, ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, tsofaffin nan suna ƙarewa. Kowa ya sami littafin rubutu, ya zauna gaban dattijon garinsu, ya rubuta abin da Abdulkarim ya wuce bai tambaya ba. Allah ya ba da iko, amin.