Jinjina ga masu ƙera jirgin kara

A Amurka akwai magidanta da ke ƙera ƙananan jiragen yaƙi na ruwa, su sarrafa su da rimot suna harbin juna a tafki har ɗaya ya nutse. Mu a Bibemi jiragenmu na kara ne, kuma yawancin gwanayen da suka koya mana sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu.

Bayan girbin dawa sai su zaɓi kara mai kauri, su ɓare ɓawonsa siri-siri da reza, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su riƙa soka ɓawon a madadin ƙusa. Ba gam, ba zare. Wasunsu sun ga manyan jiragen kaya na hawowa Binuwai zuwa tashar Garwa da damina, tun kafin a gama dam ɗin Lagdo a 1982, shi ya sa jirginsu ke da bene da bututun hayaƙi. Da an sa shi a ruwa sai jifa da ƙwallon goriba; wanda nasa ya kife ya tsamo ya gyara. Ban taɓa jin ɗayansu ya karɓi ko dala a hannun yaro ba.